Huna Umdurman: Kowa Ya Ci Ladan Kuturu...

Waiwaye a kan kuɗin da ke tafiyar da gidajen rediyo da talabijin na Sudan, da hannun da ke ba su izini

Duk wanda ya bi titin bakin Nilu a Umdurman har ya iso unguwar Mulazimin, zai ga wani makeken gida mai katanga daura da Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa. Ma'aikatan wurin "Hoshi" suke ce masa, wato tsakar gida. Daga cikin wannan gida ne kalmomin nan biyu, "Huna Umdurman", suka yi shekara da shekaru suna fita, suna shiga bukkokin manoma a Jazira, da rumfunan kasuwar Gadarif, da zaurukan Mai Wurno, da motocin lodi a kan hanyar Bur Sudan. Dakarun Da'amus Sari sun shiga gidan a kwanakin farko na yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ba su fita ba sai ranar 12 ga Maris 2024, lokacin da sojojin gwamnati suka ƙwace shi. A tsakanin nan, talabijin ta ƙasa daga Bur Sudan ta riƙa magana.

Mai karatu zai iya tambaya, me ke cikin gidan rediyo da har za a yi wata 11 ana zubar da jini a kansa, alhali shi ba rumbun makamai ba, ba kuma banki ba? Dalili shi ne, a ƙasar nan an saba wanda ke riƙe da makirufon Umdurman shi ake ɗauka mai mulki. To, tun da sojoji suka ba da sanarwa a watan Mayu 2025 cewa jihar Hartum ta koma hannunsu baki ɗaya, maganar gyaran abin da yaƙi ya rusa ta taso, kuma gidajen watsa labarai suna ciki. Kafin a ɗora tubali a kan tubali, akwai tambayoyi biyu da ya kamata a yi. Wa ke biyan kuɗin da rediyo da talabijin suke aiki da su? Wa kuma ke da ikon ya ba tasha izini ko ya rufe ta? Mu da harshenmu bai cika samun wuri a akwatin rediyo ba, mu ne ya fi kamata mu san amsar.

AN HAIFE TA DA KUƊIN YAƘI

A shekarar 1940 ne Turawan Ingila suka buɗe rediyon Umdurman, kuma bukatar kansu ce ta sa su. Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, sojojin Italiya suna Habasha da Eritiriya, har ma sun kama Kasala a watan Yuli na wannan shekara. Turawa suna neman hanyar da za su riƙa gaya wa mutane labarin yaƙi yadda suke so a ji shi. Saboda haka kuɗin da aka fara aikin da su, daga asusun farfagandar yaƙi na ƙasashen ƙawance aka ɗebo su. Ɗaki guda ne a tsohon gidan waya na Umdurman, shirin kuwa rabin awa ne a rana. Da yake akwatunan rediyo ba su yawaita a hannun mutane ba, sai aka kafa lasifika a dandali, jama'a su taru da yamma su saurari karatun Alƙur'ani da labarai da waƙa.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, masu ba da kuɗin suka janye hannunsu, saura ƙiris tashar ta mutu. Abin da ya cece ta shi ne gwamnatin mulkin mallaka ta yarda ta sa ta a cikin kasafin kuɗinta. Daga nan rediyo ta zama ɗaya daga cikin ofisoshin hukuma, masu aiki a cikinta ma'aikatan gwamnati ne, albashinsu daga baitulmali yake fitowa. Aka sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, tuta ta sake, amma wannan tsari yana nan yadda Bature ya bar shi. Talabijin ma da ta fara a 1962, zamanin Janar Ibrahim Abbud, da taimakon Jamus ta Yamma, a kan wannan turba aka ɗora ta.

'YAR GIDANMU A GABAN MAKIRUFO

Abin alfahari ne a gare mu cewa mace ta farko da ta yi waƙa a wannan rediyo tamu ce. A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Falatiya, a Kasala aka haife ta, iyayenta kuwa daga ƙasar Sakkwato suka taso a kan hanyar aikin hajji, Allah Ya zaunar da su a nan, kamar dai kakannin da yawa daga cikinmu. Kafin rediyo ta buɗe mata ƙofa, wani kamfanin faifai ne ya fara kai ta Alƙahira ya ɗauki muryarta, faifayen suka dawo ana sa su a gidajen shan gahawa. A 1942 ta tsaya gaban makirufon Umdurman, ƙanwarta Jidawiyya tana kaɗa mata udu, a zamanin da mutane da dama suke ganin waƙar mace a bainar jama'a abin kunya ce. Ta kuma bi sansanonin sojojin Sudan a fagen daga tana ƙarfafa musu gwiwa. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974.

Idan aka lura, ƙofofi biyu ne suka buɗe wa A'isha, kuma kowace da dalilinta. Ɗan kasuwa ya ga muryarta za ta sayar masa da faifai. Hukuma ta ga muryarta za ta tara mata jama'a a gindin lasifika, ta kuma faranta ran soja. Har yau waɗannan ƙofofi biyu su ne manya a harkar watsa labarai a ƙasar nan, kuma wanda ba shi da abin da ɗayansu ke bukata, a waje yake tsayawa.

BAYANI NA ƊAYA

Dattawanmu sun san abin da ake nufi idan aka wayi gari rediyo ta daina shirye-shiryenta, sai kiɗan badujala kawai ake ji. Haka aka yi ranar 17 ga Nuwamba 1958 da Abbud, da ranar 25 ga Mayu 1969 da Ja'afar Numeiri, da ranar 30 ga Yuni 1989 da Umar al-Bashir. Haka kuma ranar 11 ga Afrilu 2019 aka wuni ana jira har Janar Awad Ibn Auf ya fito ya ce an tuɓe Bashir. Ranar 25 ga Oktoba 2021 ma, da asuba sojoji suka shiga Hoshi suka tsare ma'aikata kafin a karanta sanarwar rusa gwamnatin riƙon ƙwarya. Duk mai niyyar juyin mulki, tankarsa ta farko nan take dosa.

Amma ba a ranar juyin mulki kaɗai hannun hukuma yake bayyana ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babban daraktan hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, shugaban ƙasa ko firaminista ne ke naɗa shi, shi ke kuma sauke shi ranar da ya ga dama. Kuɗin albashi da na man janareto da na gyaran na'urori daga ma'aikatar kuɗi suke zuwa shekara-shekara, abin da talla ke kawowa ƙari ne kawai. Bayan 1989 aka sallami ma'aikata masu yawa a ofisoshin gwamnati da sunan "maslahar jama'a", aka hana sa wasu waƙoƙi, manyan mawaƙa irin su Muhammad Wardi suka yi shekaru a gudun hijira, shirin yaƙin Kudu mai suna Fi Sahatil Fida ya zama shi ne gaba a talabijin. Da zanga-zanga ta tashi a watan Disamba 2018, mutum zai leƙa taga ya ga hayaƙi a titi, ya juyo ya dubi talabijin ta ƙasa ya ga kamar ba abin da ke faruwa.

Labarin Lukman Ahmad ya isa misali. Tsohon ma'aikacin sashen Larabci na BBC ne, gwamnatin Abdallah Hamdok ta ɗauko shi ta ba shi shugabancin hukumar don ya mai da ita ta jama'a. Aka sauke shi bayan juyin mulkin Oktoba 2021, Hamdok ya mai da shi a watan Disamba, aka sake sauke shi a watan Afrilu 2022. Sau biyu ke nan cikin wata 6, kuma duk da takardar umarni guda. Gidan da shugabansa bai san ko zai kwana a kujerarsa ba, ina zai sami zuciyar faɗa wa mai mulki gaskiya?

DA 'YAN KASUWA SUKA SHIGO

Fiye da shekara 60 gwamnati ita kaɗai ce mai rediyo a cikin ƙasa. Sai daga wajen 2004, lokacin da kuɗin man fetur suka fara yawo a Hartum, aka fara ba masu zaman kansu izinin buɗe tashoshin FM. Mango 96 tana cikin na farko, kiɗa da waƙa ne abincinta. Wasu suka biyo baya, wannan ta wasanni, waccan ta wa'azi, wata ta harkar kasuwanci. Soja da 'yan sanda su ma kowa ya buɗe tasa. A ɓangaren talabijin aka sami Nilul Azraƙ, wadda hukumar talabijin ta ƙasa ta yi tarayya a cikinta da attajirin Saudiyya Saleh Kamil, ita ce mai shirin nan na azumi, Agani wa Agani, wanda marigayi Assir Gaddur ya yi shekaru yana gabatarwa. Aka sami Ashuruƙ da ta fara daga Dubai a 2008, da tashar Umdurman ta Husaini Khojali, da Sudaniya 24 a 2016.

A ido an sami yawa. Sai dai tasha mai zaman kanta da talla take rayuwa, masu manyan tallace-tallace kuwa a ƙasar nan ba su da yawa: kamfanonin waya irin su Zain da MTN da Sudani, da bankuna, da masu sarrafa abinci da abin sha, sai kuma ita gwamnati kanta da kamfanoninta. Kaka ɗaya ce a shekara, wato watan azumi, lokacin da iyali ke zaune gaban talabijin bayan buɗa baki. Wanda ya rasa tallar azumi ya rasa shekara. Saboda haka mai tasha yakan auna kowace magana da ma'auni biyu, kada ya ɓata wa mai talla, kada kuma ya ɓata wa hukumar da mai tallan ke tsoro. Shi ya sa akasarin tashoshin FM suka tsaya a waƙa da ƙwallo da gaishe-gaishe, suka bar labaran siyasa ga gidan gwamnati.

Daɗin daɗawa, mai tasha da fam ɗin Sudan yake karɓar kuɗin talla, amma da dala yake biyan hayar tauraron ɗan adam irin su Nilesat da Arabsat, da dala yake sayen na'ura. Takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya sa sayen kayan aiki ya zama sai an bi ta bayan gida da tsada. Ɓallewar Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. A watan Fabrairu 2021 kuwa, rana ɗaya aka mai da farashin dala na hukuma daga fam 55 zuwa 375. Tashar da ba ta da wani uban gida mai ɗaukar asararta, da wuya ta kai labari. Wannan ne ya sa idan ka ga tasha ta daɗe tana aiki ba talla, ya kamata ka tambayi wanda ke bayanta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Mai talla masu saye yake nema, masu saye kuwa a ganinsa suna Hartum da Bahri da Umdurman. Zangon FM ba ya tafiya da nisa, kafa wata na'ura a Damazin ko Sinnar kuɗi ne da ba za su dawo ba. Manomin da ke noman dawa da riɗi a Gadarif, yana magana da Hausa a gidansa, ba ya cikin lissafin mai talla ko kaɗan.

LASISI A ALJIHUN WA?

Jaridu suna da dokarsu ta 2009 da majalisar da ke yi musu rajista, ko da yake ita ma ba ta kuɓuta daga hannun gwamnati ba. Rediyo da talabijin kuwa ba a taɓa kafa musu hukuma mai cin gashin kanta ba. Mai son buɗe tasha sai ya sami amincewar ma'aikatar watsa labarai da hukumomin da ke ƙarƙashinta, ya sami zango daga hukumar sadarwa, sannan a zamanin Bashir jami'an tsaro, waɗanda dokar 2010 ta ba iko mai faɗi, su ne masu maganar ƙarshe. Wato gwamnati ita ce mai babbar tasha, ita ce kuma alƙalin da ke yanke wa sauran tashoshi hukunci. Ɗan wasa ne riƙe da usur.

Ga yadda abin ya riƙa kasancewa. A watan Agusta 2010 aka dakatar da shirye-shiryen Larabci na BBC a zangon FM a Hartum da Madani da Bur Sudan da Ubayyid, gwamnati ta ce BBC ta saɓa yarjejeniya wajen shigo da na'urori. A watan Nuwamba 2016, ana cikin kwanakin zaman gida na nuna ƙin ƙarin farashi, aka rufe tashar Umdurman aka ce ba ta da lasisi, alhali ta yi shekaru tana aiki kowa yana gani. A ƙarshen watan Mayu 2019 majalisar soja ta rufe ofishin Aljazira, kwanaki kaɗan kafin a tarwatsa masu zaman dirshan ranar 3 ga Yuni. A watan Janairu 2022 aka janye lasisin Aljazira Mubashir. A watan Afrilu 2024 aka dakatar da Al-Arabiya da Al-Hadas da Sky News Arabiya, a nan ma maganar lasisi aka kawo.

Kada mai karatu ya zaci soja kaɗai ke yin haka. A watan Janairu 2020, zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya, kwamitin warware mulkin 30 ga Yuni ya ƙwace tashoshin Ashuruƙ da Ɗayba tare da jaridu biyu, bisa hujjar cewa da dukiyar jama'a aka gina su. Hujjar ba ta rasa tushe ba, don Bashir da bakinsa ya faɗa wa kotu a 2019 cewa daga cikin dala miliyan 25 da ya karɓa daga Yarima mai jiran gado na Saudiyya, ya ba tashar Ɗayba wani kaso. Amma duk da haka kwamiti ne ya rufe su, ba alƙali ba. Sandar da ka yi murna an daki abokin hamayyarka da ita yau, tana nan a jingine gobe.

KAYAN ARO

Da yake na gida ba ya faɗin komai, sai jama'a suka juya ga na waje. Gidajenmu da yawa da sashen Hausa na BBC suke karya kumallo, wanda ya fara tun 1957, ko Muryar Jamus, ko rediyon Faransa. Mutanen Darfur kuma suka sami Rediyo Dabanga, wadda ta fara a watan Disamba 2008 daga ƙasar Holan a gajeren zango, da Larabci da harsunan Fur da Zagawa da Masalit, da kuɗin ƙasashe da ƙungiyoyi masu ba da agaji. Amfanin irin waɗannan tashoshi ya fito fili duk lokacin da aka yanke intanet, kamar yadda aka yi fiye da wata guda bayan 3 ga Yuni 2019, da makonni bayan juyin mulkin 2021, da kuma watan Fabrairu 2024 lokacin da layukan waya suka ɗauke a kusan ko'ina. A irin wannan rana, ƙaramin akwati mai batir biyu ya fi waya mai tsada.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. A watan Janairu 2023 BBC ta rufe rediyonta ta Larabci bayan shekara 85 saboda tsimin kuɗi, wata 3 kafin yaƙi ya tashi, sai da ta dawo a watan Mayu da wani ɗan shirin gaggawa domin Sudan. A watan Maris 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit bayan umarnin Shugaba Donald Trump, kuma yanke agajin Amurka a wannan shekara ya tilasta wa Dabanga ta rage ma'aikata da lokacin shirye-shiryenta. Shawarar da aka yanke a Landan ko Washinton, ba wanda ya tambayi mai sauraro a Wad al-Mahi.

YADDA WASU SUKA ƁULLO WA ABIN

A Ingila kowane gida mai kallon talabijin yana biyan kuɗin lasisi a shekara, fam 174.50 na Ingila a 2025, kuma da su ake tafiyar da BBC. Tun 2014 har sassanta na harsunan waje akasari da wannan kuɗi suke aiki, tare da wani tallafi daga gwamnati. Hikimar ita ce kuɗin su fito daga aljihun mai kallo, don gidan ya san wanda yake yi wa aiki.

A Nijeriya dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta kafa hukumar NBC, ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Rediyo ta fara a Kano a 2003, yau kuwa Kano kaɗai tana da tashoshi barkatai masu magana da Hausa dare da rana, har da shirye-shiryen siyasa masu zafi. Sai dai shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin hukumar, kuɗin lasisin rediyo da talabijin kuma tsarin mulki ƙananan hukumomi ya ba ikon karɓa, ba ya isa ga tashoshin. A Nijar an buɗe wa masu zaman kansu irin su Rediyo Anfani a shekarun 1990, aka riƙa ɗora wani ɗan haraji a takardar kuɗin lantarki domin gidan rediyo da talabijin na ƙasa, sannan daga 1999, farawa da ƙauyen Bankilare, aka yi ta kafa ƙananan tashoshin karkara har suka wuce 100, kowace tana magana da harshen mutanen wurin.

Yarjejeniyar Afirka kan watsa shirye-shirye, wadda aka amince da ita a Windhoek ta ƙasar Namibiya a 2001, ta ce murhun watsa labarai duwatsu uku ne: tashar jama'a wadda ba ta gwamnati mai ci ba, da tashar kasuwanci, da tashar al'umma, kuma hukuma mai zaman kanta ce za ta riƙa ba da lasisi. A Sudan dutse na farko gwamnati ta zauna a kansa, na biyu ya jingina da ita, na uku kuwa ba a taɓa girka shi a doka ba.

INA HAUSA A CIKIN WANNAN DUKA?

Tsarin mulkin wucin gadi na 2005, a sashe na 8, ya ce dukkan harsunan ƙasa harsuna ne na ƙasa, wajibi ne a girmama su a kuma bunƙasa su. Magana ce mai daɗi, amma ba a biyo ta da dokar da za ta ce ga awa kaza a rediyo, ga kuɗi kaza a kasafi ba, har tsarin mulkin ya shuɗe a 2019. An ɗan taɓa a gidajen rediyon jihohi, inda shirin rediyon al'umma da UNICEF ta tallafa ya riƙa fita da harsunan gida, har da Hausa a wasu jihohin, mutane suna taruwa ƙungiya-ƙungiya suna saurare. Amma shiri ne da ke tafiya da kuɗin agaji, a cikin gidan gwamnan jiha. A shekarun 2010 kuma rediyon ƙasa ta riƙa watsa shiri da Hausa a gajeren zango a ƙarƙashin sunan Muryar Afirka, sai dai Afirka ta Yamma aka nufa da shi. Wato an san amfanin harshenmu idan za a yi magana da Kano da Maraɗi, an manta da shi idan za a yi magana da Kasala da Sinnar.

Mun ga abin da wannan giɓi ke haifarwa. A rikicin jihar Nilul Azraƙ na watan Yuli 2022 an rasa rayuka fiye da 100, a watan Oktoba kuma wajen 200 a yankin Wad al-Mahi, dubban iyalai suka bar gidajensu. A waɗannan kwanaki jita-jita da maganganun ƙiyayya sun yi ta gudu a Facebook da WhatsApp. Da akwai tashar da tsohuwa a ƙauye ta saba ji da harshenta, ta kuma yarda da ita, wadda za ta ce ga hanyar da ke da lafiya, ga labarin da ƙarya ne, ga dattawan ɓangarorin biyu suna magana, da ta yi aikin da motar soja ba za ta iya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

TUN RAN GINI RAN ZANE

Ƙungiyar 'yan jaridu ta Sudan, wadda aka zaɓi shugabanninta a watan Agusta 2022 karo na farko cikin shekara 33, ta ƙiyasta cewa yaƙin ya lalata kusan kashi 90 cikin 100 na kayan aikin kafafen watsa labarai. Ke nan kusan daga tushe za a fara. Ranar da za a zauna rubuta sabuwar doka, akwai abubuwa huɗu da ya kamata wakilanmu su je da su a rubuce.

Na farko, a kafa hukumar ba da lasisi wadda majalisa za ta zaɓi mambobinta na wa'adi sananne, sharuɗɗanta a bayyane, kuma kada a rufe tasha sai da hukuncin kotu. Na biyu, rediyo da talabijin na ƙasa su sami majalisar amintattu da kuɗin da minista ba zai iya toshewa ba, ko ta hanyar ɗan haraji na musamman ko kason shekaru da dama, a kuma rubuta a doka adadin awoyin da za a ba harsunan ƙasa. Na uku, kowace tasha ta kasuwanci ta bayyana masu ita da inda kuɗinta ke fitowa. Na huɗu, a buɗe lasisi mai rahusa domin tashoshin al'umma, a ware musu zango tun kafin masu kuɗi su cinye.

Wannan na huɗun shi ne namu, kuma nauyinsa a kanmu yake. Ƙaramar tasha ba ta fi ƙarfin gari ba. Masu sauraron Rediyo Kaduna da sauran tashoshin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin katin zaɓe, mutum ya saya da ɗan kuɗi kaɗan a gaishe masa da 'yan uwa. Sanarwar ɗaurin aure da suna da ta'aziyya, da cigiyar dabba, da tallar mai shago, da gudummawar ƙungiyoyin manoma bayan kaka, idan aka haɗa su suna iya riƙe tasha, kuma wanda ya biya da hannunsa yana da bakin tambaya. Ɗalibanmu da ke jami'o'i su shiga fannin aikin jarida da na injiniyan sauti. Ƙungiyoyinmu su fara ɗaukar muryoyin tsofaffi tun suna raye, su kuma sa baki a maganar ceto ma'ajiyar faya-fayen Hoshi, inda aka tara muryoyin ƙasar nan tun daga shekarun 1940, har da ta A'isha Falatiya.

Ita ta shiga gidan ne da baiwar muryarta, a lokacin da masu gidan suke bukatarta. Jikokinta 'yan ƙasa ne masu biyan haraji, ya kamata su shiga da haƙƙinsu a rubuce. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.